Sitabilaizar Bakan Taubashina

Ranar Laraba, tsakanin azahar da la'asar, a makon da aka fara cire albasa a fadamun Kashin Zama, Allah Ya karɓi ran taubashina, ɗan gwaggona, manomi kuma maharbi. Matarsa tana zaune wajen ƙafafunsa, babban ɗansa yana tallafe da kansa, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, domin ban daɗe da sauka daga motar Jega ba. Bai yi doguwar jinya ba, bai kuma bar wata magana ta ƙarshe da za a riƙa maimaitawa ba. Ruwa ya nema, aka ba shi, ya sha. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa.

Zaman makokinsa ya tara jama'a fiye da yadda zauren gidan zai ɗauka, har aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogonyaro. Maharba sun zo daga Giwa Tazo da Andarai, suka ɗaure karnukansu a bayan gari saboda girmama wurin. Wata malamar firamare, Kirista, wadda aiki ya kawo ta ƙasar nan daga kudu tun tana budurwa, ta shiga wurin mata ta yi kuka fiye da wasu dangi. Ta ce tun shekararta ta farko a ƙauyen, duk safiyar Kirsimeti sai ta tarar da zabo a ƙofar ɗakinta, yankakke, figagge, kuma ko sau ɗaya marigayi bai taɓa amsa cewa shi ne ba. In ta yi masa godiya sai ya dubi sama ya ce zabin daji ba su da hankali, ko'ina faɗuwa suke yi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba kukan ba ne, dariyar ce. A rana ta biyu, bayan an shafa fatiha, wani tsohon maharbi ya yi ajiyar zuciya ya ce a hankali, "Allah Shi jiƙan mai sitabilaiza." Nan take dattawa suka sunkuyar da kai, kowa yana ɓoye fuska a hannun riga. Liman ya yi gyaran murya don ya tsawata, sai na ga shi ma kafaɗunsa suna motsi. Samarin da ba su san asalin maganar ba suka shiga tambaya, aka shiga ba su amsa, kuma abin da na ji ya tayar mini da hankali. Wani ya ce marigayi ya ɗaure akwatin lantarki a jikin bakansa ya shiga daji da shi. Wani ya ce ya kai bakan Jega an jona masa wuta. Duk ba haka aka yi ba. Ina wurin tun daga farko har ƙarshe, kuma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara kuskure a allon makaranta ba zai zauna yana ji ana ɓata labarin ɗan'uwansa ba. Bayanina zan tsara shi da daidaitacciyar Hausa, yadda aka hore ni a makarantar mishan da aka kai ni ina yaro. Maganarsu kuwa zan bar ta yadda ta fito daga bakinsu.

Ya girme ni da 'yan shekaru, amma shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, saboda haka bawana nake kiransa a gaban kowa, kuma al'ada ta hana shi fushi. Shi kuma tun ranar da ya ga littafin wani ɗalibina ya yi ja da gyara, ya raɗa mini Jan Biro, sunan da ya bi ni har bayan na yi ritaya. Noman albasa ne ke ciyar da gidansa, amma zuciyarsa tana daji. Bai taɓa cewa zai tafi farauta ba. Cewa yake yi zai je ya gaida daji. Ba ya taɓa naman da ya harbo sai kowa a gidan ya ci. Ba ya ba da labarin abin da ya kashe, amma labarin abin da ya kuɓuce masa yana iya cinye yini guda, yana kwaikwayon yadda gada ta waiwayo ta dube shi da raini kafin ta wuce. Bindiga kuwa ba ya ƙaunarta. Ya ce mai bindiga da shela yake shiga daji.

Bakansa na mahaifinsa ne, ya yi baƙi wuluk saboda man kaɗe da gumin hannu. Ba a tsallake shi, ba a ajiye shi a ƙasa, kuma ni kaina, da duk ubangidancina, sai na wanke hannu yake barina in taɓa.

Wata shekara, bayan kaka, ya hau bayan babur zai je Aliero, akuya ta gitta musu, suka zube. Wuyan hannunsa na hagu ya karye, hannun da ke riƙe baka. Mai ɗori a Aliero ya yi aikinsa yadda ya kamata, ƙashi ya haɗe sarai, har ya koma ɗaukar fartanya. Sai dai ranar da ya fara jan tsarkiya, matsala ta bayyana. In ya ja ya tsaya don ya daidaita, sai hannun ya soma rawa, tsinin kibiya yana zagaye kamar ƙuda a bakin ƙwarya. In ya saki, sai bakan ya yi tsalle ya doki wurin da aka ɗora. Bai gaya wa kowa ba, amma dangar gidansa ba ta da tsawo, kuma maƙwabtansa suna da ido.

Sarkin Baka, wanda ƙanensa ne a shekaru, a hannunsa ma ya koyi bin sawu, ya zo gaisuwa, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya kai ga magana. Ya ce farauta a jere ake yin ta, da mutane dama da hagu da karnuka a gaba, kuma shi ne zai amsa tambaya in kibiya ta kauce ta sami wani. Ya ce kafin fitar rani zai rataye albasa a reshe, kamar yadda ake gwada sababbin shiga. In Yaya ya same ta, ya fita tare da su. In bai same ta ba, ya rataye bakan ya zauna gida da girmansa. Taubashina mutum ne da zai yi gardama a kan ko rana ta fito, amma ran nan cewa kawai ya yi ya ji. Da aka gaya mini haka, na san ya tsorata. Matarsa da babban ɗansa kuwa murna suka yi a ɓoye, domin sun daɗe suna son tsoho ya bar daji.

Ana cikin haka sai ƙaramin ɗansa, da ke aiki a Abuja, ya kira shi a waya. Ya ce ya gani a wayarsa cewa maharban Turai suna sa wa bakansu wani abu a gaba mai hana rawa, sunansa sitabilaiza. Bai kai ga ƙarin bayani ba layin ya yanke, kamar yadda ya saba a Kashin Zama. Tsoho ya riƙe kalmar, ya yi ta maimaita ta har ta zauna, ranar kasuwar Jega kuma ya tashi babban ɗansa ya je ya sayo.

A nan ya kamata in yi adalci ga mai shagon kayan lantarki, domin bai cuci kowa ba. Kowa a ƙasar nan ya san sitabilaiza da ma'ana guda: akwatin nan da ake jona wa firij ko talabijin saboda rawar wuta. Ya tambayi ɗan ko ta firij yake so ko ta talabijin. Ɗan ya ce shi dai an ce masa mai hana rawa. Mai shago ya tambaya ko rawar tana da yawa. Ɗan ya tuna hannun mahaifinsa, ya ce tana da yawa ƙwarai. Sai aka ɗauko masa babba, wadda ta kusa nauyin rabin buhun gero, ya ɗaure ta a bayan babur ya kawo gida.

Washegari aka aiko a kira ni in karanta musu Turancin da ke jikinta. Na tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida, baka a gefe guda, akwati a gefe guda, uba da ɗa sun durƙusa suna juya shi, suna leƙa ramukan da ke bayansa.

"Jan Biro," in ji shi, "ka iso kan lokaci. Karanta muna, ta ina aka sa baka?"

Na ce ba a sa baka.

"To kibiya aka sawa?"

Na ce ba a sa kibiya. Na bayyana musu aikin akwatin dalla-dalla, na kuma tunatar da su cewa gidan ko wayar lantarki ba a ja masa ba. Sai muka ji dariya daga bayan danga, irin wadda mai ita ta yi ƙoƙarin danne ta ta kasa. Matarsa ce. Ta fito tana share hawaye da bakin zane, ta ce, "Ni dai tun jiya nika kallo, na ce bari in ga ƙarshen ilimi." Taubashina ya dubi akwatin, ya dube ni, sannan shi ma ya fashe, har sai da ya riƙe cikinsa. Da ɗan ya ce zai mayar, ya hana. Ya ce abin da ya kwana gidansa baƙo ne, ba a korar baƙo. A kan akwatin matarsa take zama tana tsince shinkafa.

Daga nan ne aikin gaske ya soma. Na sa aka sake kiran na Abuja, na umarce shi ya aiko da hoton abin, ya kuma daina ba da rabin bayani ga iyayensa. Da hoton ya zo a wayar wansa, sai muka ga ashe sanda ce kawai: tana fitowa daga gaban baka, ƙasa da mariƙi kaɗan, da nauyi a ƙarshenta, da ɗan roba a tsakani. Taubashina ya ce bai ga yadda ƙara wa hannu mai ciwo kaya zai zama magani ba. Na aika aka ɗauko muciya da taɓarya. Na ba shi muciya na ce ya riƙe ta a tsakiya ya kaɗa ta da sauri, ya kaɗa. Na ba shi taɓarya na ce ya yi haka. Ta ƙi, sai lilo take yi a hankali. Na ce masa abu mai nauyi da tsawo ba ya yarda a girgiza shi da sauri, kuma abin da muke so bakan ya koya ke nan. Ya daɗe yana lilo da taɓaryar, sannan ya ce ashe makarantar da aka kai ni ba duka ta tafi a banza ba. Ban taɓa samun yabo daga gare shi da ya kai wannan ba.

Sanin dalili abu ne guda, zaɓen abin da za a ɗaura kuma wani abu ne dabam, kuma a nan muka sha wahala. Ni na fara kawo guntun rodi na gini, mai tsawon hannu, saboda lissafi ya nuna mini cewa tsawo shi ne gaba. Da aka ɗaura, bakan ya tsaya cik kamar an dasa shi. Na yi murna. Amma kafin ya gama daidaitawa kafaɗarsa ta gaji, da ya juya zai fita kuma rodin ya maƙale a ƙofar zaure. Ya ce in zaure ya kama shi, sabara da ƙaya ba za su bar shi ya yi taku ba, kuma zomo ba zai tsaya jiran ya kwance kansa ba. Na karɓi wannan, domin gaskiya ce.

Babban ɗansa ya kawo tsohon fulogi daga injin ban ruwa. Wannan bai maƙale ko'ina ba, amma bai hana komai ba, ya yi gajarta ya yi sauƙi, ga warin fetur da ya sa karen gidan atishawa. Taubashina ya ce dabbar da ke jin warin mutum daga nesa ba za ta rasa jin warin inji ba. Shi da kansa ya kawo ƙahon rago da aka cika da darma, yana alfahari da shi, domin ya yi kyau a ido. Sai dai ƙaho a lanƙwashe yake, nauyinsa ya karkata gefe guda, bakan ya riƙa kwanciya hagu kamar jakin da aka yi wa mummunan lodi. Na nuna masa haka ba tare da na sassauta ba. Ya ce ya gani tun kafin in buɗe baki.

A ƙarshe dai mun fahimci abin da muke nema, ko da yake ba mu same shi ba: abu miƙaƙƙe, wanda bai wuce tsawon taƙi da ɗan ƙari ba, mai nauyin da zai rage rawa ba tare da ya kashe kafaɗa ba, marar ƙyalli, marar ƙara, marar wari.

Rigimarmu ba a kan wannan ta tashi ba, a kan ɗauri ta tashi. Duk abin da muka ɗaura da igiya sai ya zame bayan 'yan harbi. Na ce hanyar da ta dace ita ce a huda bakan a sa noti, kamar yadda yake a hoto. Ban tsaya nan ba, na aro abin huda katako daga wani kafinta a Jega na zo da shi cikin jaka. Da ya gan shi, ya ɗauke bakan ya mayar bayansa.

"Jan Biro, kai dut abin da kag gani sai ka yi mai gyara. Wanga baka ubana bai huda shi ba, ni ba ni huda shi."

Na ce to ya shirya zama gida da baka marar huda.

Ya ce mutumin da bai taɓa kashe ko ƙadangare ba, ba shi ne zai koya masa baka ba. Na ce ƙadangare bai taɓa fitowa a manhajata ba. Da a nan muka tsaya, da wasan taubasai ne. Amma ya ƙara da cewa ni ba hannunsa ne ya dame ni ba, so nake a ce lissafina ya ci. Na tashi na tafi ban ci tuwon da aka kawo ba, abin da ban taɓa yi a gidan ba. Har yau ina kan bakana cewa noti ya fi igiya riƙo, kuma na rubuta haka a nan da sanin cewa ba shi da halin ba ni amsa.

Muka daina zuwa wa juna, lokacin fita kuma yana matsowa. Matarsa ce ta aiko babban ɗanta ya ɗauko ni. Ban same ta cikin dariya ba wannan karon, ko da yake da abin dariya ta fara. Ta ce in zo in fitar mata da ɗan'uwana daga madafa. Tun da ya daina zuwa daji, ya zama mai duba miya: ya ɗanɗana ya ce gishiri ya yi yawa, ya sauya wa tukwanenta wuri, ya tsaya a kanta yana koya mata yadda ake riƙe tsintsiya, ita da ta haifa masa 'ya'ya har suka yi furfura. Ko kajin gidan ya tsara musu inda za su riƙa kiwo. Sannan ta rage murya ta ce tuwonsa yana dawowa yadda aka kai shi, kuma da safe yakan zauna a ƙofar gida yana fuskantar hanyar Maiyama har rana ta take.

"Malam," in ji ta, "in daji za shi kashe shi, ban sani ba. Amma gida na kashe shi, ina gani."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe a tsumma. Ƙarfen gurza ne, wanda mata suke murza auduga da shi a kan dutse don fitar da angurya, na mahaifiyarta, wanda ba a yi aiki da shi ba tun da aka daina kaɗi a gidan. Na auna shi a tafin hannuna. Miƙaƙƙe ne, ya fi taƙi kaɗan, mai kauri a tsakiya, ya yi duhu da santsi saboda hannun mata, ba ƙyalli, ba wari. Ta ce ta ji duk sharuɗɗan da muke ta jerawa daga bayan danga, tun ranar rodi ta san yana ƙarƙashin gadonta, amma a lokacin ba ta son ya fita.

Taubashina yana zaure. Ban yi masa sallamar sulhu ba, shi ma bai yi mini ba. Na ajiye ƙarfen a gabansa kawai. Ya ɗauka, ya gane shi, ya daɗe yana juya shi. Ya tambaya ko ita ta ba ni da hannunta. Na ce da hannunta. Ya ce, "To, a kawo muna tuwo."

Matsalar ɗauri shi ya warware ta, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ya sassaƙa ɗan guntun ƙirya mai kwarmi, wanda ya rungume bakan ƙasa da mariƙi kamar sirdi. A jikin wannan guntu aka yi huda da abin da na aro, aka cusa ƙarfen. Tsakanin sirdin da bakan na nace a sa ɗan yankin robar tiyub don ya shanye dukan da ke komawa hannu. Ya yarda, bayan ya binne robar a toka ya shanya ta har warinta ya mutu. Aka naɗe duka da ɗanyar fata, aka bar ta a rana ta bushe ta ƙame. Ta haka an yi huda, amma ba a jikin baka ba, kuma kowannenmu ya gaya wa mutane cewa shi ya yi nasara.

Ya ɗora bakan a buɗaɗɗen tafinsa, ya rufe ido, yana sa a tura ƙarfen ciki kaɗan, a ja shi waje kaɗan, har sai da bakan ya ɗan sunkuya gaba kamar mai gaida surukai. Ya ce a bar shi nan. Kada wani ya ce rawar ta tafi, domin ba ta tafi ba. Abin da ya faru shi ne ta zama lilo mai nauyi maimakon kyarma, kuma tsohon maharbi ya san yadda zai jira lilo ya kawo tsinin kibiya inda yake so kafin ya saki. Ya yi ta gwadawa a bayan gida safe da yamma, yana samu, yana kuskurewa. Tuwo dai ya daina dawowa.

Ranar gwaji da hantsi aka taru a wata gona da aka girbe a bayan gari. Sarkin Baka ya rataye albasa da zare a reshen aduwa, ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa a tazarar da suka saba. Da taubashina ya fito da bakan, maharba suka kewaye shi. Wani ya ce baka ya yi gemu. Wani ya tambaya ko in an gama harbi za a iya gurza auduga da shi. Wani kuma, da gaske yake, ya ce wannan ba bakan iyaye ba ne, bai kamata a karɓa ba. Sarkin Baka ya juya bakan, ya ja tsarkiya, ya ce muddin hannun mutum ne zai ja, idon mutum ne zai duba, baka ne.

Taubashina ya tsaya a kan layi, ya zaro kibiya marar dafi, ya ja. Ina ganin tsinin yana lilo. Ya jira, ya jira, har na ji kafaɗata tana ciwo a madadinsa, sannan ya saki. Albasar ta juya a kan zarenta, kibiya ta wuce ta faɗa cikin kara.

Nan gardama ta tashi. Wasu suka ce ta shafe ta, wasu suka ce iskar kibiya ce ta juya ta. Aka duba albasar, ba a ga rauni bayyananne ba, sai ɓawon da ya ɗan ɗaga, wanda ba a san ko tun da haka yake ba. Aka tambaye ni, tun da an san ba na ƙara wa ɗalibi maki don tausayi. Na ce idona bai kai ba, kuma ba na shaidar abin da ban gani ba. Sarkin Baka ya sa aka ɗauko kibiyar. Ya kai tsininta hancinsa, ya shaƙa, fuskarsa ta saki. Ya ce kibiya tana warin albasa, magana ta ƙare, Yaya ya ci. Na lura har wanda ya yi ƙorafi a kan bakan ya gyaɗa kai da sauri. Babu wanda ke son ya ga an mayar da tsohon nan gida.

Taubashina bai motsa daga kan layi ba.

"Sarki, Allah Shi ba ka nasara," in ji shi. "Wagga kibiya cikin rumhwar albasa taka kwana. Hular kanka ma in munka shaƙa, albasa muka ji. Ban same ta ba."

Sarkin Baka ya ce shi ya riga ya yanke hukunci.

"Ka yanke don kana jin kunyata. In nib bi ku da wanga hukunci, dut wanda ke kusa da ni cikin daji da ido guda za shi farauta, guda yana kallona. Ka ba ni guda kuma. In ta wuce, ni da hannuna nika rataye bakan."

Sarkin Baka ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya ce a tsayar da albasar. Wani ya je ya riƙe ta har ta daina juyi, ya koma gefe. Babban ɗansa, wanda ya fi kowa son ya bar daji, na ji shi a bayana yana karanta addu'a ƙasa-ƙasa, kuma ba addu'ar ya kuskure yake yi ba. Taubashina ya goge tafinsa a riga, ya zaro wata kibiyar, ya ja. Wannan karon bai daɗe ba. Kibiya ta shiga tsakiyar albasar, ta tsinke zaren, ta tafi da ita.

Sarkin Baka ya ce masa ya shirya kwarinsa. Taubashina ya fita farauta a wannan rani, ya kuma fita a duk ranin da ya biyo baya, har na bara.